Yadda awon THD ya sauko daga kashi 78 zuwa kashi 0.02 ba tare da an taɓa da'irar ba

Da'irar da ake magana a kanta amfilifaya ce mai ƙafar fita biyu masu saɓa wa juna, outp da outn, tana aiki da wutar bolt 1.8. Sharaɗin da aka gindaya mata shi ne, idan aka ba ta sigina mai zagaye wajen miliyan ɗaya a sakan, ta kuma fitar da shi da tsayin bolt 0.5 daga tsakiya zuwa ƙololuwa, to jirkicewar da za ta yi masa, wato THD, kada ta wuce -70 dB. A lissafin kashi, wannan shi ne kashi 0.032 cikin ɗari. Lissafin hannu, bisa ga ƙarfin haɓakawar da ke cikin madaukinta, ya nuna za ta tsallake da ɗan rata.

An gudanar da kwaikwayon lokaci da Spectre, manhajar kwaikwayon da'ira, daga 0 zuwa maikrosakan 20 (20 µs), errpreset, wato saitin tsananin daidaiton lissafi, yana kan moderate, tushen siginar vsin ne mai 1 MHz, wutar da'irar kuma tana hawa daga sifili a cikin maikrosakan na farko. A kalkuletar Virtuoso, manhajar zanen da'ira, aka fara haɗa bambancin ƙafafun biyu, aka sa masa suna vod, sannan aka auna:

vod = VT("/outp") - VT("/outn")
thd(vod 0 20u 1024 1M)

Amsa ta fito wajen 3. Umarnin thd da kashi cikin ɗari yake ba da amsa, ke nan an ninka iyakar da aka gindaya kusan sau ɗari. A irin wannan gaɓar ne ake asarar mako guda: a ƙara wa matakin fita wuta, a faɗaɗa taransistoci, a sake lissafin kafasitan daidaitawa, lamba kuwa ta ƙi motsi. Dalilin ƙin motsinta shi ne ba da'irar take aunawa ba.

Abin da thd yake yi a ciki

Sai an san hanyar da lambar ta biyo kafin a yarda da ita. Umarnin thd yana kiran dft ne, wato lissafin da ke rarraba sigina zuwa firikwensin da ke cikinsa. Shi kuma dft yana ɗaukar tazarar da aka ba shi, ya raba ta gida N daidai wa daida, ya karanta darajar siginar a farkon kowane gida: a lokacin farawa, sai bayan taki ɗaya, sai bayan taki biyu, har zuwa taki N-1. Ɗigon ƙarshen tazarar ba ya shiga, domin lissafin ya ɗauka cewa daga nan siginar zai koma farko ya maimaita kansa har abada. Sakamakon jerin gurabe ne na firikwensi, tazarar kowane gurbi da na kusa da shi ɗaya bisa tsawon tagar. Taga mai 20 µs tana ba da gurabe masu tazarar 50 kHz. Ana zaɓar N daga jerin ninkin biyu, 512 ko 1024 ko 2048, saboda dabarar lissafi mai sauri da Cooley da Tukey suka wallafa a 1965 a kan irin waɗannan lambobi ta fi tafiya.

Daga nan thd ya ware gurbin sifili da gurbin asalin siginar, ya tattara duk sauran, ya ninka kowanne da kansa, ya haɗa, ya ɗauki tushen murabba'i, ya raba da tsayin asalin siginar. A lura da kyau: duk sauran gurabe, ba na hamonik kaɗai ba, wato firikwensin da suke ninki biyu, uku da sauransu na asalin siginar. Ko mene ne ya faɗa wani gurbi da ba na asalin siginar ba, ko daga da'ira ya fito ko daga yadda aka yanka tagar, za a lissafa shi a matsayin jirkicewa.

Da aka san haka, kashi 3 ɗin nan bai zama abin mamaki ba. Tagar ta fara daga sifili, ta haɗiye lokacin da wuta ke hawa da lokacin da madaukin da ke riƙe tsakiyar ƙafafun biyu yake neman wurin zama. Zagaye biyu ko uku na farko ba su da siffar sauran.

Yankan ido

Gyaran da ya fara zuwa shi ne a yanke farkon. Aka ja alama a kan zanen igiyar zuwa inda ido ya ga ta natsu, alamar ta tsaya a 4.37 µs, aka kwafi lambar zuwa kalkuleta:

thd(vod 4.37u 20u 1024 1M)

Amsa ta haura zuwa wajen 78. An cire ɓangaren da ya lalace, lamba kuma ta ƙara muni sau ashirin da wani abu.

Daga 4.37 zuwa 20 µs akwai zagaye 15.63. Tun da dft yana ɗinke ƙarshen taga da farkonta, siginar da aka yanke a tsakiyar zagaye zai yi tsalle a wurin ɗinkin, tsallen nan kuma yana watsa ƙarfi zuwa kowane gurbi. Wannan shi ne yoyo. Ana iya lissafa girmansa da hannu. Idan adadin zagayen ya kauce wa cikakkiyar lamba da d, rabon ƙarfin da ya rage a gurbi mafi kusa shi ne murabba'in sin(πd)/(πd). A nan d ya kama 0.37, rabon ya zama 0.62, sauran 0.38 ya zube waje. Tushen murabba'in 0.38 bisa 0.62 ya ba da 0.78. Ga kashi 78 ɗin nan, kuma babu ko taransista ɗaya a cikin lissafin.

Abin da ya fi cutarwa ba wannan babban kuskuren ba ne, domin kowa ya ga 78 ya san akwai matsala. Ƙaramin ne yake wucewa ba a gane ba. Idan d ƙarami ne, yoyon yana kusan πd raba tushen murabba'in 3. Kauce wa da kashi ɗaya cikin ɗari na zagaye, wato nanosakan 10 kacal a 1 MHz, yana haifar da kashi 1.8, kimanin -35 dB. Lamba ce da za a iya gaskatawa a kan amfilifaya mara kyau. Don a tura yoyo ƙasa da -80 dB, dole kaucewar ta gaza pikosakan 55. Babu hannun da zai ja alama a allo ya samu wannan daidaito. Saboda haka iyakokin taga lissafa su ake yi, ba a karanto su daga zane.

Tsara taga da firikwensi tare

Taga daga 4 zuwa 20 µs tana da tsawon 16 µs, zagaye 16 cif a 1 MHz. Da ɗigo 1024, taki ya zama 15.625 ns, gurabe kuma 62.5 kHz. Wannan ya kashe yoyo, amma akwai sauran gyara. Lambobin 16 da 1024 suna da mahaɗi, don haka ɗigo 64 ne kawai ake ta maimaitawa a wurare guda na kowane zagaye, kuma duk hamonik da ya wuce rabin firikwensin ɗaukar ɗigo zai naɗo ya faɗa daidai kan wani hamonik na ƙasa, ba a iya bambance su. Maganin shi ne adadin zagayen ya zama lamba wadda ba ta da mahaɗi da N. Aka zaɓi 17. Firikwensin shiga ya koma 17 raba 16 µs, wato 1.0625 MHz. Asalin siginar ya zauna a gurbi na 17, hamonik na biyu a na 34, na uku a na 51.

Wurin rubuta wannan lamba ma akwai tarko. Wanda ya taƙaita ta zuwa 1.06M ya samu zagaye 16.96, d ya zama 0.04, yoyo ya dawo da kashi 7. Hanyar da ba ta kuskure ita ce a ajiye su a matsayin masu canji na zane, Tw = 16u, M = 17, N = 1024, sannan fin = M/Tw, tushen siginar da jimlolin kalkuleta duk su riƙa karantawa daga wuri ɗaya ta hanyar VAR("fin").

Bayan wannan, thd ya ba da kashi 0.1, wato -60 dB. An matso, amma har yanzu an faɗi da 10 dB.

Auna sikeli kafin a auna kaya

A nan aka yi abin da ya kamata a ce da shi aka fara. Aka ɗora jimlar nan, ba tare da canza komai ba, a kan siginar shiga, wanda vsin ke samarwa kai tsaye. Wannan sigina ba shi da jirkicewa ko kaɗan, lissafi ne zalla. Amsar da ta fito ita ma wajen kashi 0.1 ce. Ma'aunin da ya ce tsarkakken sigina yana da -60 dB ba zai iya tabbatar da -70 dB a kan komai ba. Da aka zana db20(mag(dft(...))) na siginar fita, abin da aka gani ya ƙara tabbatarwa: hamonik na uku yana ɗan leƙowa, amma kowane gurbi cike yake da tarkace a tsayi kusan ɗaya, har da guraben da babu wani dalilin da'ira da zai sa wani abu ya zauna a cikinsu. Kwaikwayon lokaci na yau da kullum ba ya saka hayaniyar na'urori sai an kunna ta da gangan, don haka tarkacen nan daga lissafi ya fito.

Tushensa shi ne takin manhajar kwaikwayo ba ɗaya ba ne. Tun daga SPICE2 na Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 1975, irin waɗannan manhajoji suna tsawaita taki inda sigina ke tafiya a hankali, su gajarta shi inda yake lanƙwasa, gwargwadon kuskuren da suka ƙiyasta. Shi kuwa dft yana son daraja a kowane 15.625 ns. Idan babu ɗigon da aka lissafa a wannan lokacin, sai kalkuleta ta ja miƙaƙƙen layi tsakanin ɗigo biyu na kusa ta karanta daga kansa. Miƙaƙƙen layi a kan abu mai lanƙwasa kullum yana bi ta ciki. Mafi girman kuskuren shi ne tsayin siginar sau murabba'in ωh raba 8, inda ω yake 2π sau firikwensin siginar, h kuma tazarar ɗigogin manhajar.

A wannan gudu, takin Spectre yana yawo a wajen 25 ns, kimanin ɗigo 38 a zagaye. A ido, zanen sumul yake. A lissafi kuwa ωh ya kama 0.167, mafi girman kuskure ya zama 0.0035 na tsayin siginar, wato -49 dB. Wani ɓangare na wannan kuskure yana rage tsayin asalin siginar ne kawai, ba ya cutar da awon. Sauran, wanda ke canzawa gwargwadon inda ɗigon dft ya faɗa tsakanin ɗigogin manhajar, shi ne ke watsuwa, kuma matsakaicin girmansa yana kusan 0.037 sau murabba'in ωh. Wannan ya ba da 0.001. Kashi 0.1 ke nan, daidai da abin da kalkuleta ta nuna.

Hanyar gyara biyu ce. Ana iya matse maxstep, wato iyakar tsawon takin manhajar: duk rabin da aka yi wa taki yana sauke tarkacen da 12 dB, don haka zuwa -90 dB yana buƙatar taki wajen 4.5 ns, gudu ya ninka tsawo sau biyar ko shida. Hanya ta biyu ta fi tsafta. A zaɓuɓɓukan tran na Spectre akwai strobeperiod, wanda ke tilasta wa manhajar ta lissafa amsa a daidai kowane ninkin lokacin da aka ba ta. Aka sa shi ya zama Tw/N, wato 15.625 ns. Sai a tabbatar farkon tagar ya faɗa kan ɗaya daga cikin waɗannan ɗigogi: 4 µs raba 15.625 ns ya ba da 256 cif, don haka babu buƙatar strobedelay. Da farkon tagar 4.1 µs ne, da an koma cike giɓi da layi duk da an kunna strobeperiod, kuma wannan kuskure ne da ake yawan yi. Bayan an sake gudu, tarkacen siginar shiga ya nitse can ƙasa da -120 dB.

Abu ɗaya da za a kiyaye: idan ɗigogin strobe kaɗai aka ajiye, sauran awo irin su cross, ymax da lokacin hawa za su yi aiki ne a kan zane mai taki 15.625 ns, su rasa duk abin da ya faru tsakanin ɗigo biyu. Ya fi kyau awon sifektiram ya samu gwajinsa na daban.

Sauran abin da ya rage na manhajar ne da kanta. Kowane ɗigo ana karɓarsa ne idan kuskurensa ya shiga cikin reltol, wato rabon kuskuren da aka yarda da shi, wanda asalinsa 0.001 ne. Ba a neman ganin abu mai girman 0.0002 da irin wannan sassauci. Aka mayar da errpreset zuwa conservative, wanda ke matse reltol sau goma, aka auna, aka sake matsewa da hannu zuwa 1e-5, aka sake aunawa. Ƙa'idar ita ce a ci gaba har sai hamonik ɗin da ake kallo ya daina motsi da fiye da rabin dB. A nan ya tsaya a mataki na biyu.

Jimlolin da aka tsaya a kansu

Maimakon dogaro da thd kaɗai, aka fitar da kowane hamonik daban, domin lamba ɗaya dunƙulalliya ba ta faɗin inda matsala take:

sp = mag(dft(vod 4u 20u 1024 "Rectangular"))
h1 = value(sp VAR("fin"))
hd3 = db20(value(sp 3*VAR("fin")) / h1)

Haka aka yi wa na biyu, na huɗu da na biyar. Shi ma value yana cike giɓi idan firikwensin da aka ba shi bai faɗa kan gurbi ba, ba kuma zai yi gargaɗi ba, zai dai ba da lambar da ke tsakanin gurabe biyu. Shi ya sa h1 ya cancanci zama awo mai zaman kansa a jerin sakamako: idan ya nuna 0.5, tagar da firikwensin sun dace, idan ya nuna 0.46, akwai abin da ya goce.

Sakamakon: hamonik na uku a 3.1875 MHz yana -74 dB, na biyar yana -92 dB, jimillarsu -73.9 dB, wato kashi 0.02. Umarnin thd ma yanzu ya ba da kusan wannan lambar, kuma wannan dacewa da kanta shaida ce cewa babu sauran tarkace a guraben da ba na hamonik ba.

An ƙara gwaji ɗaya da ke raba jirkicewar gaske da ta bogi. A da'irar da ba ta kai ga yanke kan sigina ba, motsin hamonik na uku a ma'aunin dB ninki uku ne na motsin shiga. Idan aka rage shiga da 6 dB, shi zai sauka da 18 dB, ratarsa da asalin siginar ta ƙaru da 12 dB. Aka rage shigar da rabi, hd3 ya koma -86 dB. Yoyo da kuskuren cike giɓi ba sa yin haka, suna raguwa ne tare da siginar, rabonsu ya tsaya inda yake.

Hamonik na biyu kuwa bai bayyana ba sam, kuma wannan ba abin murna ba ne tukuna. A zanen da ɓangarorin biyu suke daidai ɗari bisa ɗari, hamonik masu lambar cika suna soke juna a vod. Sai an gudanar da Monte Carlo, wato maimaita gudu sau da yawa ana sa saɓani na kan-mai-uwa-da-wabi tsakanin taransistoci, ko an ciro da'irar daga shimfiɗarta ta zahiri, sannan hd2 zai faɗi gaskiyarsa. Shi ya sa aka bar jimlarsa a jerin tun yanzu.

Ba a yi amfani da tagar Hanning ba, wadda ke dusashe sigina a gefen taga biyu, ko da yake ita ake fara miƙa wa hannu idan an ga yoyo. Tana da amfani inda ba a da iko da firikwensi, kamar osileta mai gudun kanta. Amma tana rage tsayin kowane gurbi da rabi idan ba a gyara ba, tana kuma baza asalin siginar zuwa gurabe biyu na gefensa, kowanne da rabin tsayin na tsakiya. Wanda ya tattara duk guraben da ba na tsakiya ba bayan ya sa Hanning zai samu kashi 71. Inda ake iya zaɓar fin, taga mara ado da cikakken adadin zagaye ta fi.

Da aka shiga konoli

Konoli su ne gwaji a iyakokin da ƙirar taransistoci za ta iya kaucewa, wajen sauri ko jinkiri. A konar da taransistoci suka fito da jinkiri, thd ya koma -62 dB, amma hd3 da hd5 ba su nuna lalacewar da ta kai haka ba. Tarkacen wannan karon ya taru ne a guraben ƙasa, na ɗaya ya fi tsayi, na biyu rabinsa, na uku sulusinsa. Siffar gangara ce: da'irar ba ta gama natsuwa ba a 4 µs. Tun da tagar tana ɗauke da cikakken adadin zagaye, darajar farko da ta ƙarshe dole su zama ɗaya, don haka awon mai sauƙi ne:

value(vod 20u) - value(vod 4u)

Ya nuna milibolt 1. A kan sigina mai rabin bolt ido ba zai taɓa ganin wannan ba. Amma gangara mai tsayin 1 mV tana da matsakaicin ƙarfi na 1 mV raba tushen murabba'in 12, wato 0.29 mV, siginar kuma yana da 354 mV. Rabonsu -62 dB. Aka mayar da farkon tagar mai canji shi ma, aka ɗaga shi zuwa 8 µs, ƙarshen gudu ya koma 24 µs. Lambar 8 µs ninki 512 ce ta takin strobe, don haka dacewar ba ta ɓaci ba. Aka sa wa awon bambancin iyaka ta 0.1 mV a jerin sharuɗɗa, yadda duk konar da ta wuce ta za ta fito da ja kafin a karanta THD ɗinta. Da sabuwar tagar, konar mai jinkiri ta ba da -71.5 dB, ratar 1.5 dB kacal, kuma ita ce aka ɗauka zuwa gwajin Monte Carlo tare da hd2.